Dulab ɗin Baba da Ya Zama Bango

Rabin rayuwata a ƙarƙashin kayan mutane ya ƙare. Ɗan dako ne ni a haraj, kasuwar da ake gwanjon tsofaffin kayan ɗaki a nan Makka. In aka ce ana tashin wata unguwa, mu ake kira mu sauko da gado da kujera da firiji kafin katafila ta iso. Makaranta ban yi nisa ba. Na iya karanta allon hanya da takardar asibiti, na iya haɗa irin wannan rubutun da kake gani, iyakarta ke nan. Amma in maganar dulab ce, wato kabad ɗin ajiye littattafai, to bayana ya yi karatun da kaina bai yi ba.

Mafi tsufan da na gani ba ma ɗaukar su ake yi ba. A gidajen dutse na mutanen Makka na dā, magini ne yake barin rami a jikin bango tun yana gini, kafinta ya zo ya shimfiɗa katakai a ciki, ya sa ƙyaure biyu masu sassaƙa. Zurfi gare su fiye da tsayi. Wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai ya taɓa gaya min dalili, muna jiran mota: mutanen dā kwantar da littafi suke yi, wani a kan wani, a rubuta sunansa a bakin takardun. Ya ce sai da littafin ɗab'i ya yi yawa aka fara tsayar da su kamar sahun salla. Daga nan dulab ya fito daga bango, ya yi ƙafafu, aka sa masa gilashi don baƙo ya ga abin da maigida ya tara, ko ya karanta ko bai karanta ba. Ko gaskiya ce ko ƙari, ni dai abin da na gani da idona bai ƙaryata shi ba.

Wanda ya fi cin raina na Sham ne. Kyau kam ba a magana. Baƙin katako ne aka dasa masa ƙananan ɓawon teku masu ƙyalli, taurari-taurari har ƙasa. Amma in ya tsufa zubar da su yake kamar haƙoran tsohuwa. Kana saukowa da shi daga bene, uwargida tana bin ka tana tsince su a gefen mayafi tana tsine maka, sai ka ce kai ka ƙera shi. Na Masar ƙyaurensa saƙar 'yan ƙananan itatuwa ce, babu inda za ka kama bai karye ba, ƙurar cikinsa kuwa ta isa a shuka gero. Na Turkawa dogo ne mai rawani da furanni da ruwan zinaren da ya koɗe, kullum rawanin ne yake karo da saman ƙofa, kullum kuma ɗan dako ne mai laifi. Na yanzu ba na sa su a lissafi. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka liƙa masa takarda mai zanen itace. Ka ɗaga shi yau, ka ɗaga gobe, jibi a buhu za ka kwashe shi.

Sai na Indiya da na Jawa, can ƙasar Indunusiya, waɗanda suka sauka a Jidda ta jirgin ruwa tare da alhazan da suka zo da niyyar zama. Jan katako ne mai maiƙo a jikinsa, ga nauyi kamar alhakin maraya. Babu ƙusa ko ɗaya. Haƙora ake yi wa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa, a buga turken itace, shi ke nan sai dai jikoki su gaji da shi. Irin wannan ne a ɗakin mahaifina a unguwar Tandabawi.

Baba magini ne, Bakano. Ta ƙasa ya zo yana saurayi, ya ratso Sudan, ya sauke farali, ya ce shi ya iso gida. Ya daɗe yana yi wa wani attajiri ɗan asalin Indiya gyaran bango a gidansa da ke kusa da Harami. Da aka zo faɗaɗa wurin, gidan ya shiga ciki, mutumin ya rasa yadda zai yi da dulab ɗin, ya ce da Baba in zai iya ɗauka ya ɗauka. Baba ya tara abokansa suka ɗora shi a ka, suka hau da shi tudun Tandabawi, ana salati ana hutawa. Har ya mutu yana ba da labarin ranar kamar ranar da ya ci yaƙi.

Littattafan Baba ba su cika kanta ɗaya ba. Alƙur'aninsa ne na rubutun hannu a cikin gafaka, sai 'yan littattafan fiƙihu masu rawayar takarda. Inna ta ga fili ya yi yawa, ta kwaso langa da tasa da fanteka ta yi jere.

"Malam," in ji ta, "ilmin naka kanta ɗaya ya ishe shi, ka bar wa kwanukana sauran."

"Ke dai kada ki kuskura kwano ya hau saman Littafi."

Haka aka raba ƙasa. Sama ta Baba, ƙasa ta Inna, gilashi ya rufe su gaba ɗaya. Duk alhajin da ya sauka gidanmu sai ya tsaya gabansa ya ce tabarakalla, ban sani ba ko littafin yake yi wa ko langar.

Wata shekara aka yi ruwa mai ƙarfi, ya gangaro daga dutse ya shigo ɗaki. Daɓen dama ba daidai yake ba, dulab ya ɗan karkata. Abin ya tayar wa Baba hankali. Shi a garinsu littafi a alkuki yake zama, ramin nan da ake bari a jikin bangon ƙasa, kuma bai taɓa jin an ce alkuki ya karkata ba. Ya ce abin da yake da ƙafa ba a ba shi amanar Alƙur'ani. Ya kwaɓa siminti, ya yi dakali ya binne ƙafafun a ciki, ya cike tsakanin bayan dulab da bango da siminti da tsakuwa, ya gina gefe da gefe har sama, ya zagaye shi da zane irin na ƙofar zaure, ya shafa farar ƙasa. Kayan da aka ƙera a ƙetaren teku don a riƙa yawo da shi, maginin Kano ya mayar da shi alkuki a yini guda. Babu wanda ya ce masa don me. Maƙwabta ma zuwa suka yi suna yaba aikin.

Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Gidan ya zama na saukar baƙi daga gida lokacin aikin haji. Sai ga shi wata safiya an zo an yi jan rubutu a bangon waje, kalmar nan da kowa a unguwar ya iya karantawa ko bai shiga aji ba: izala. Za a rushe.

Yayana shi ne mai takardun gidan. Shi ya yi karatu, yana aikin ofis, yana zaune a wani bene a Aziziyya, 'ya'yansa in ka yi musu Hausa sai su dube ka kamar rediyon da ya kama wata tasha. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da yake son abu ya ƙare. Ya zo da kwali ya kwashe littattafan, kwanukan Inna aka raba wa mata, aka fitar da tabarmi da katifu. Ya tsaya tsakar ɗaki yana karkaɗe hannu.

Na ce, "Yaya, dulab fa?"

"Wane dulab? Wannan ai bango ne, ya akhi. Ka taɓa ganin an yi ƙaura da bango?"

"Katako ne a ciki. Zan fitar da shi."

"Da me? Da farce?"

"Da guduma. A hankali."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Shekara nawa kana shiga ɗakin nan kana fita? Sai yau da aka yi jan fenti? Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ai da ban san tafiyar za ta zo ba."

"Kowa ya sani, kai ne dai ba ka sani ba. Ni kafin wata ya ƙare zan miƙa gidan nan babu ko tsintsiya a ciki. In na saɓa, takarduna ne za su tsaya, ba naka ba."

"Ka ba ni makullin."

Ya ciro ya miƙo min, yana cewa la haula a ƙasan maƙoshi.

In faɗi gaskiya, ban san me zan sa a cikinsa ba. Littafin da na mallaka bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, ni da na sauko da dulab ɗin uban kowa a garin nan, na lulluɓe shi da bargo, na kai shi inda za a goge shi a kafa a zauren otal, a ce na ubana ne zai tafi a bakin katafila tare da ɓaraguzan masai. Ina so ya fito ɗungurungum, da ƙafafunsa, ya tsaya a ɗakina. Ban nemi komai a gadon gidan nan ba sai wannan.

Matata ce ta fara tare ni. Ɗaki biyu gare mu a unguwar Mansur, a bayan masu sayar da masa da ƙosai.

"A ina za ka sa shi, Baban yara? A kaina?"

"Inda firiji yake."

"Firijin kuma ya koma ina?"

"Allah zai kawo masa wuri."

"To Allah ya kawo wa mai shi hankali tukuna."

Na nemi abokin aikina, wani Badamagare da ya zo umara tun gashinsa yana baƙi, ya ɓata a cikin gari, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba shi da komai sai ƙarfi da baki. Tsakanin Kanawa da Damagarawa kowa ya san wasa ne, shi kuwa ya riƙe wasan nan kamar sana'a. Da ya shiga ɗakin ya ga aikin Baba sai ya riƙe haɓa.

"Bawana, wannan kabari ne ko kabad? Ai ubanka binne shi ya yi, saura salla."

"Rufe min baki ka kama guduma."

"Ku Kanawa da rowa, ku ba baƙo ruwa kuna ƙirga maƙwarwa, amma dattijon nan bai yi rowar siminti ba. Allah ya jiƙansa, ya bar mana aiki."

Ƙyauren muka fara cirewa, da gilashinsu, muka naɗe a bargo muka jingine a ɗaya ɗakin. Sannan muka hau simintin. Aikin ba na ƙarfi ba ne, na haƙuri ne. Ka sa bakin ƙarfe nesa da katako, ka buga kaɗan, ka ɓantare, ka bar kaurin yatsa a jikin itacen, wannan kuma da wuƙa za ka kankare shi. In ka yi zafin hannu katakon ne zai biya. Da sassafe muke farawa, in rana ta take mu tsaya, bayan la'asar mu koma. Simintin Baba ya ƙi mu. Irin na dā ne, ya sha shekaru, ya zama dutse. Ka wuni kana bugu, abin da ka ɓantare bai cika kwano ba.

Duk da haka gefen dama ya fito. Da na shafa shi na ga jan katakon nan lafiya lau, santsi kamar jiya aka feƙe shi, sai da na zauna a ƙasa. Badamagare ya ce, "Kai, kada ka yi min kuka a nan, ban zo da hankici ba." Muka buɗe saman, muka gano wani ɗan sassaƙan ganye da tun ina yaro ban san yana wurin ba, farar ƙasa ta rufe shi. A ranar har shayi na saya masa da kaina, ya ce lallai tashin duniya ya kusa.

Unguwa kuwa tana ta watsewa. Gidan da ke gabanmu an cire ƙofofi da tagogi, kyanwoyi sun gaje shi. Mai shagon kusurwa ya kwashe. Aka yanke wuta, ruwa ma ya ɗauke, sai mu hau da jarka. Daga ƙasan tudu kana jin katafila tana ci, kullum ƙararta tana ƙara matsowa. Sai motocin hukuma suka fara zagayawa suna duba gidajen da ba a tashi ba, duk wanda aka gani a lungu a tambaye shi takarda. Wata la'asar muna cikin aiki muka ji motarsu ta tsaya a bakin layi. Kafin in juya Badamagare ya haura katangar baya, da girmansa da furfurarsa, ya bar min takalmi ɗaya.

Washegari bai zo ba. Na kira shi.

"Bawana," in ji shi, "katako ba a kai shi gidan tarhil, inda ake tsare marasa takarda. Ni ake kaiwa, a sa ni a jirgi, in sauka garin da ba wanda ya san ni sai kabarin uwata."

"Saura kaɗan fa. Gefe ɗaya da dakali."

"Kaɗan ɗin Bakano. Wallahi ina son ka, amma ban kai nan ba. Ka kawo min takalmina."

Ban ga laifinsa ba, amma sai da na zage shi, shi ma ya rama, muka kashe waya.

Na koma ni kaɗai. Mutum ɗaya ba ya wannan aikin, don sai wani ya tallafe katakon yayin da wani yake bugu. Na riƙa tokare shi da kafaɗa ina bugawa a karkace, har ƙugu ya riƙe. Ranar da na kasa sunkuyawa in ɗauki guduma daga ƙasa, sai da na sa ƙafa na jawo ta. Na je haraj neman hannu, kowa ya ji an ce Tandabawi sai ya tuna yana da wani aiki. Masu takarda ba sa irin wannan wahala, masu wahala ba su da takarda. Gefen hagu ya fito rabi. Dakalin ko taɓa shi ban yi ba.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare Yaya ya hau tudun da kansa, da farar riga, yana haki. A bayansa wani lebura ne ɗauke da injin fasa kankare, wani kuma da ƙaramin janareta. Leburan ba ya jin Hausa, Larabcinsa ma rabi da hannu yake yi.

Na tare ƙofa. "Wannan fa?"

"Taimakonka na zo yi. Dubi yadda kake tafiya kamar mai naƙuda."

"Injin nan ba zai shiga ɗakin Baba ba."

"Ɗakin Baba jibi ba ɗaki ba ne. Ka saurara, ka ji layin da ke ƙasa da mu ake ci yanzu. Ko dai inji yau, ko katafila jibi. Zaɓi ɗaya, khalas."

"Girgiza za ta kashe shi. Turakun itace ne a ciki, ba ƙusa ba."

"To ka riƙe shi. Ai riƙon kaya ne aikinka."

Maganar ta yi min zafi, kuma ya san ta yi, don ya kawar da kai. Ƙarar katafila ta cike wurin. Na duba dakalin, na duba hannuna da ya kumbura. Na ce to, amma dakali kaɗai, daga bakin gaba, nesa da ƙafafu. Na durƙusa da ƙyar na ja layi da gawayi, na nuna wa leburan, na ce nan, kada ka wuce nan. Ya gyaɗa kai ya ce tamam, tamam, irin tamam ɗin da ake ce wa mahaukaci.

Aka tayar da janareta. Na rungume dulab ta gaba, ƙirjina a jikin kantocin. Da injin ya fara, sai na ji shi a haƙorana. Leburan bai wuce layin ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Amma simintin Baba guda ɗaya ne, daga dakali har bango, duk inda ka taɓa ko'ina ya amsa. Na ji katakon yana rawa a jikina kamar mai zazzaɓi. Na yi ihu a tsaya, ƙara ta hana a ji. Sai ƙas! Gefen hagu ya tsage tun daga ƙasa har sama, inda rabinsa yake a sake rabi a kame. Kantoci suka zubo min a ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kashe injin, saman ya sunkuyo ya zauna min a kafaɗa.

Da ƙura ta lafa muka ga bayan. Ashe shi ba jan katakon ba ne, wani farin itace ne marar ƙarfi, irin wanda kafintoci suke sawa inda ido ba ya kaiwa. Ya yi baƙi ƙirin. Simintin ya riƙe danshin duk ruwan da ya taɓa gangarowa daga dutsen nan, ya hana shi bushewa. Inda dakali ya fashe na leƙa in ga ƙafafu, sai ramuka huɗu da wani abu kamar garin shayin da aka dafa aka zubar.

Yaya ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya ɗebo baƙin abin nan ya murza a yatsu.

"Ka gani," in ji shi a hankali. "Tun kafin mu yi aure ya mutu a tsaye. Ko shekara ka yi da wuƙarka, da ka ja shi zai zube."

"Gefen hagu lafiyarsa ƙalau kafin injinka."

"Gefe ba ya tsayuwa babu ƙafa."

"Ana yi masa ƙafa."

"Wa zai yi?"

Abin da ya fi ƙona min rai har yau ke nan: ba ni da wanda zan kama. In na ce Yaya ne, ga ruɓaɓɓen baya. In na ce Baba ne, mutumin da ya yi don ya kare Alƙur'ani, kuma yana kabari. In na ce injin ne, da bakina na ce to. Na so a ce akwai mutum ɗaya da zan daina gaisarwa, in huta.

Na gwada ceton gefen dama da sassaƙan ganyen, amma haƙoran sun kakkarye a cikin juna, ana ja yana tsagewa. Na bar su. Mota ba ta hawa lungunmu, don haka ƙyauren nan biyu a bayana suka sauka tudun, a naɗe cikin bargo, ina tafe ina tsayawa. Yaya ya ce a ba lebura, na ce kada wanda ya taɓa. Ban koma ranar da aka rushe ba. An ce min ba a daɗe ana yi ba.

Na kai su wurin wani kafinta a Mansur, na ce ya ƙera musu jiki. Ya ɗaga ɗaya, ya ajiye da sauri. Ya ce katakon da yake samu yanzu ba zai riƙe wannan nauyin ba, in ya rataya su da safe kafin azahar sun tumɓuke sun faɗo wa wani a ka. Ya ce in nemi tsohon katako irinsu. Na ce a ina? Ya ce a haraj mana, ba can kake ba? Na kwaso kayana na dawo. Na jingine su a bayan ƙofar ɗaki, ina cewa in Allah ya kawo wani karyayyen dulab na Jawa a gwanjo, sai a haɗa. Irinsu kuwa yanzu kafin su taɓa ƙasa masu otal sun aiko.

Bayan salla Yaya ya zo gaishe mu, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya sha shayi, ya yi wa matata santin dambu, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce ya ga wani abokinsa ya rataye tsohon ƙyaure a falo kamar hoto, da 'yar fitila a samansa, abin ya yi kyau ƙwarai. Ya ce yana so yaransa su san kakansu ya bar wani abu.

Na ce, "Ai bango ne. Ka manta?"

"Kada ka tsokane ni. Ɗaya nake so, ba biyu ba."

"Tagwaye ne, Yaya. Ɗaya yana da leɓe, ɗaya yana shiga ƙarƙashinsa. In ka raba su ba abin da za su rufe har abada."

"Yanzu me suke rufewa?"

"Ni na sauko da su. Ƙuguna har yau bai koma daidai ba."

"Allah ya ba ka lada. Amma uba ɗaya ya haife mu, kuma gado ne. Ka tambayi duk malamin da ka ga dama."

Ba sai na tambayi kowa ba. Ɗan karatun da na yi ya kai nan. Matata tana bakin ƙofa tana yi min ido, irin na ka ba shi a zauna lafiya. Na tashi na kwance bargon, na tsaya ina dubansu. Na ba shi mai leɓen, na riƙe mai makulli, ban san dalili ba. Ya ce zai turo mota. Na ce ya bari, ni zan kai, ni zan rataya, don na san in aka bar wa yaran zamani za su huda shi ta tsakiya.

Na kai, na rataya masa a falo, sama da talabijin. Ya sa fitilar. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Baƙinsa suna tambaya, yana gaya musu da Larabci cewa daga Indiya ya zo tun zamanin jirgin ruwa. Nawa yana nan a bayan ƙofa, matata tana rataya hijabi a kansa. In gwanjo ya kawo tsohon katakon Jawa yanzu, ba na ko tsayawa in taya. Ba a ƙera dulab da ƙyaure ɗaya.